Sa'ar da Inna Take Barci

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara.

Yaya, na gaji. Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da Inna, surukata, aka dawo da ita wurinmu, ni ce juyawa, ni ce wanka, ni ce ciyarwa cokali-cokali. Ba ta magana, sai dai ido. Maigidan kullum yana kan hanya da babbar motarsa, in ya dawo ma barci ne tsarabarmu.

Abu ɗaya ya rage mini. Bayan azahar Inna takan yi barci, sai in zauna bayan ƙofa in buɗe littafina. A can akwai namijin da yake tambayar mace, "Me kike so?" kuma ya tsaya ya ji amsa. Wannan sa'ar ce take riƙe da ni, kuma ina tsoron ranar da zan rasa ta.

Ki gaida kowa.
Ƙanwarki, Auta

*

Auta sarkin mafarki,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, yara suna gaishe ki.

Ba ke ce mai jiran mijin da zai riƙa ba ki abinci a baki ba? To ga shi an samu, sai dai cokalin yana hannunki! Kar ki yi fushi, ni ma da na gama dariyar sai da na share hawaye.

Ki ji nan. Da kin tashi ki buɗe taga. Ki ci naki kafin ki ba ta nata, mai jinya ba ya aiki da yunwa. In za ki ɗaga ta, ki durƙusa, kar ki sunkuya. In maƙwabciya ta leƙo, ki bar mata ita ki taka zuwa bakin titi ki dawo. Wannan sa'ar kuwa taki ce. Kar ki yi wanki a cikinta, kar ki ɗaga waya, kar ki ba kowa ko da aro. Ga sababbin littattafai nan na haɗo miki.

Allah Ya ba Inna lafiya, Ya ba ki lada.
Yayarki

*

Yayata,

Sallama da gaisuwa. Ki yafe mini jinkirin amsa.

Na bi maganarki, kuma bayana ya yi sauƙi. Har na fara gane mai shagon bakin titi da kyanwarsa mai ido ɗaya.

Sai Inna ta daina barcin rana. Nishi kawai take yi, tana jan zanin gado da hannunta mai lafiya. Ran nan na ɗauko littafin na zauna kusa da ita, ban san lokacin da bakina ya fara karantawa a fili ba. Yaya, sai ta yi tsit. Na tsaya, ta fara nishi. Na ci gaba, ta lafa.

Maigidan yana tsaye a ƙofa ashe. "Kai! Ashe maganin yana gida muke ta yawo!" Har da tafi. Rabon da ya dube ni da irin wannan murnar na manta, shi ya sa na ci gaba da karatun. Nan take ya kira ƙannensa ya shaida musu.

Yanzu in sun bugo, tambayarsu ke nan: "An ba ta magani? An karanta mata?" Safe, rana, yamma. In na zo wurin da masoya suka keɓe sai in tsallake, don kunya. Muryata ta dushe. Kalmomin suna fita ta bakina, ba sa biyawa ta zuciyata.

Na gaishe ki.
Auta

*

Autata,

Salamu alaikum. Na karanta, kuma yau ba ni da tsokana.

Na so in zo, wurin aiki sun hana ni hutu. Ki ware littafi ɗaya ki ɓoye a kicin, wanda Inna ba za ta taɓa jin ko layi ɗaya daga cikinsa ba. Ko shafi guda ne, ki karanta a tsaye kafin ruwa ya tafasa. Ki kuma buɗe baki ki gaya wa mijinki cewa kin gaji. Don Allah ki amsa mini da wuri. Me zan aiko miki?

Yayarki mai tunaninki

*

Yaya,

Ina gaisuwa.

Na gaya masa. Ya ce Allah Ya yi mini albarka, ya juya ya yi barci.

Na ɓoye littafin kamar yadda kika ce. Na buɗe shi a kicin, sai na ji leɓɓana suna motsi, ina karantawa a hankali yadda Inna za ta gane. Na rufe.

Jiya ina karanta wa Inna, mun kai wurin da saurayin labarin ya dawo ya durƙusa yana neman gafara. Ban ji komai ba, ina ta tunanin zanin gadon da ban shanya ba. Da na ɗago kai, Inna ce take hawaye. Na goge mata, na juya shafi.

Kar ki aiko da komai.

Ki huta lafiya.
Auta