Ba Malam Sabo Ne Ya Buɗe Kwatar Ba

Zuwa ga Shugaban Ƙungiyar Mazauna Layinmu, Gyadi-Gyadi.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan an shiga damina lafiya. Ya iyali, ya ɗawainiyar jama'a?

Ni ce Hajiya Talatu mai waina, matar Malam Sabo tela. Na karanta ɗan littafin da ƙungiya ta buga kan tarihin ruwa da iskar da suka taɓa yi wa layinmu ɓarna. Aiki ya yi kyau, sai dai da gani mazan majalisa kaɗai aka tambaya. Ga gyaran da nake da shi.

Na ɗaya, shekarar guguwa. Kun rubuta cewa iska ta kwashe kwanon gidanmu ta kai shi Unguwa Uku. Alhaji, a gidan da ke bayanmu ya faɗa, a kan kejin kaji. Ko ɗaya ba ta mutu ba, sati guda dai suka yi ba ƙwai. Malam ne ke ƙara wa kwanon nan nisa duk shekara. In ba ku taka masa burki ba, baɗi sai Hotoro.

Na biyu, kun manta da shekarar ƙanƙara ɗungurungum, wadda ta farfasa mana tagogi, muka bi tsakar gida da kwanuka muna tsinta muna dariya.

Na uku shi ne ya sa ni ɗaukar biro: babbar ambaliya. Littafinku ya ce Malam Sabo ne ya jagoranci buɗe babbar kwata. Ina wurin. Tun hantsi ake ruwa har la'asar, kwata ta toshe, ruwa ya kawo mana gwiwa a cikin ɗakuna, maza duk suna kasuwa da wajen aiki. Malam yana gida, amma a saman teburin yanka, rungume da kan keken ɗinki, yana cewa, "Talatu, a kula da yadin mutane!" Ban ga laifinsa ba, amana ce.

Wadda ta shiga kwatar ita ce Maman Rifkatu, malamar firamare 'yar Kudancin Kaduna, da ke haya a gidan da ke kan kwanar layinmu. Ta ɗaura igiya a ƙugu, mu biyar mata muka riƙe, ta sa cebur ta yi ta tona har ta jawo tsohuwar katifar da ta tare ruwan. Da ruwan ya ɓalle, saura kaɗan ya tafi da ita. Ta fito jikinta duk taɓo, tana tambayar wa ya ga ɗankwalinta. Bayan nan mu mutanen gida uku muka kwana huɗu a wajenta, saboda ɗakunanta na kan tudu. Ita ta share mana wurin salla, ta shimfiɗa sabuwar tabarma.

Ta rasu shekarun baya. Ranar Asabar 'yarta Rifkatu ta zo sayen waina, ta ga littafin a kan bencina. Ta buɗe shi shafi-shafi har ƙarshe, ta rufe, ta yi murmushi, ta mayar da shi kan bencin. Wallahi kunya ta hana ni kallon idonta.

Na tuhumi Malam, ya yi dariya ya ce, "To ai igiyar tawa ce." Gaskiya ne, ku rubuta masa wannan.

Roƙona shi ne a gyara shafin kafin a karanta littafin a taron ƙungiya, a sa sunan baiwar Allahn nan inda ya dace, a gayyaci 'ya'yanta su ji da kunnensu. A zo a tambayi mata kuma, mu ne ke gida in ruwa ya zo. Sannan a yashe kwatar kafin ruwan Agusta, don mu masu riƙe igiya duk mun tsufa, mai shiga kuma ba ta nan.

Allah ya ƙara maka lafiya da haƙurin shugabanci, ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana rufinmu.

Wassalam.

Hajiya Talatu mai waina,
Gyadi-Gyadi, Kano.