Zabbi Biyu a Ofishin Lauya

Unguwar Takur,
Dutse, Jihar Jigawa.

Zuwa ga maigidana mai gudun cefane, Musaddiq,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da addu'ar alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Afra'u da ɗan jaririn nan da ban taɓa gani ba sai a gilashin waya. Allah Ya raya shi, Ya sa ya yi kunnen uwarsa, kada ya ɗauko naka. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Gwiwata ce dai kullum sai mun yi gardama da ita kafin ta yarda in tashi alwala. Kawunku na Jahun ya samu gero bana, riɗin ne ruwa ya ci rabinsa. Mahaifiyarku ta zo daga Garki makon jiya, ta kwana biyu ta koma, ta ce in gaishe ka.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda a zamanin da kowa ke magana a waya. Ƙanwarka Mashkura ce ke danna min wayar, maganar kuma tata ce, ba na son ta ji. Shi ya sa na nemo biro na zauna da ɗan rubutuna na yaƙi da jahilci. In ka ga harafi ya karkace, ka miƙe shi da kanka, ai don haka aka kai ka makaranta. Sagiru mai kai shanu Fatakwal shi zai damƙa maka ita hannu da hannu.

Ka san shekara uku ke nan da yarinyar nan ta gama karatun lauya da bautar ƙasa, tana zaune. Baƙar rigar da hular nan mai kama da bayan tunkiya suna cikin akwati, sai dai lokaci lokaci ta fito da su ta shanya ta mayar. Ka kuma san sau nawa ka ce ta taho wurinka ta nemi aiki ta ƙi, wai ba za ta bar ni ni kaɗai a gida ba, sai dai ta samu a nan Dutse. To Dutse kuwa ofisoshin lauyoyin nawa ne, kuma wa yake tashi ya ba wani kujera? Sai ga shi watan jiya aka ce ofishin Barista Maharazu na neman lauya ɗaya. Ta kai takardunta, aka kira ta intabiyu ranar wata Talata da ƙarfe goma. Kwana huɗu ba ta da aiki sai karatu, tana zagaya tsakar gida tana yi wa bishiyar darbejiya Turanci.

Ranar Talatar, tana fita na ɗora wake a wuta, na ce in ta dawo ta ci abinci mai nauyi, tunda masu shari'a ba sa gajiya da magana. Musaddiq, wallahi waken nan bai nuna ba na ji sallamarta. Ta shigo, ta cire takalmi, ta ce min an yi lafiya, sun ce za su neme ta. Da na matsa, sai ta ce waɗanda suka riga ta shiga kowa ya yi kusan rabin awa, ita kuwa minti shida aka yi aka sallame ta. Daga nan ta shige ɗaki.

Minti shidan nan su muka yi mako biyu muna tafsirinsu a gidan nan. Bilki maƙwabciyarmu ta ce wannan ai alheri ne, mai sayen saniya ba ya daɗewa a kan mai kyau, ramammiya ake ta zagayawa ana taɓa haƙarƙarinta. Kawunku ya bugo daga Jahun ya ce mu daina yaudarar kanmu, an riga an ba ɗan wani babba, an kira sauran ne don a cika ido. Mahaifiyarku ta ce ƙila Baristan zawo ne ya kama shi. Har wata yarinya ta duba a waya, ta ce masanan duniya sun rabu biyu, rabi sun ce gajeren intabiyu samu ne, rabi sun ce rashi ne. Na ce to ashe masanan duniya ma Bilki ce da kawunku. Ni kuwa na fi kowa ɗaga murya a ɓangaren Bilki. Kullum sai na tsokani Mashkura, ina ce mata Barista ta shirya, albashin farko nawa ne, zan sa haƙorin Makka na biyu. Sai ta yi murmushi ta ci gaba da tsintar shinkafa. Abin da ya sa nake ɗaga muryar, shi ne zan gaya maka yanzu, kuma ka zauna kafin ka karanta.

Ranar Litinin, ana gobe intabiyun, na ce mata zan je asibiti awon jini. Ba asibitin na je ba. Shi Barista Maharazun nan ɗan ƙawata ne Zinariya, Allah Ya jiƙanta, tare muka yi tallan nono a kasuwar Jahun muna 'yan mata. Na goya shi ba sau ɗaya ba. Sai na ga ai rashin mutunci ne jikata ta je gabansa kamar baƙuwa, ban je na gaishe shi na ce ga amana ba. A wurinmu ba a shiga wurin babban mutum hannu rabbana. Na ɗaura leshina mai ruwan goro, na kama zabbin nan biyu da kawunku ya kawo min, na yagi bakin tsohon zanena na ɗaure musu ƙafa, na haɗa da robar man shanu, na hau keke mai ƙafa uku.

Ofishin a saman bene yake. Na hau da ƙyar, ina hutawa a kowace matakala uku, zabbi na ta kuka a hammatata. Na tarar da ɗaki mai sanyi kamar randa, mutane a jere a kujeru da manyan takardu, kowa ya yi shiru kamar gidan makoki. Sakatariyar ta ce ko ina da alƙawari da shi, na ce alƙawarina da shi ya girme ta. Zabuwa ɗaya ta ƙwace fiffike ta hau yi musu kiran nan nasu mai tsaga kunne, sai ga Baristan ya fito da kansa, tare da wata lauya mace mai tabarau da wani dogon mutum. Yana ganina ya gane ni. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, ya ce Inna ina gajiya, ina mutanen Jahun. Daɗi ya kama ni, bakina ya buɗe, ka san halina. Na ba mutanen wurin labarin ranar da ya jiƙa min zanen salla a bayana. Wasu suka yi dariya, shi ma ya ɗan yi. Sannan na ce jikata Mashkura za ta zo gobe, ga ta nan amana, ga kuma ɗan abin miya.

A nan fuskarsa ta canja, amma ban karanta ta daidai ba. Ya ce Inna a yi haƙuri a koma da su, ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba, su uku ne. Na ce haba ɗan nan, ai ba wani abu ba ne. Ya sake cewa don Allah in ɗauka. To kai ka sani, a wurinmu mai kunya sai ya ƙi kyauta sau biyu, a na uku ya karɓa, wanda kuma ya ɗauke kyautarsa tun a ƙin farko shi ne marowaci. Na ce a raina yaron nan Zinariya ta ba shi tarbiyya. Don in rage masa nauyin karɓa a gaban mutane, sai na ajiye su a bayan ƙofa na yi sallama na sauko, yana kira ina ɗaga masa hannu. Na dawo gida ina jin na yi wa jikata abin da ubanta zai yi mata da yana raye.

Da ta dawo kafin wake ya nuna, gabana ya faɗi. Amma na ce tunda ba ta ce komai ba, ba ta sani ba, ƙila ma Bilki ce da gaskiya. Haka na riƙe sirrina mako biyu, ina ganin ni ce mai wayon gidan.

Ranar Juma'ar da ta wuce na je barka gidan su Munira, ƙawar Mashkura, yayarta ce ta haihu. Ina zaune a tabarma a tsakar gida sai ga zabbi biyu suna kiwo a gindin turmi, kowacce da guntun tsohon zanena a ƙafa. Uwar Munira ta ga ina kallonsu, ta ce ai na Mashkura ne, ta kawo ajiya wata Talata da hantsi, har da robar man shanu, ta ce kada a kai mata gida. Na kira Munira gefe na ce ta gaya min gaskiya ko in tsine wa auren da ba ta yi ba tukuna. Ta yi ta kauce-kauce, daga baya ta faɗa.

Wai da Mashkura ta shiga, su ukun suna zaune, zabbin na cikin kwali a gefen tebur. Lauyar nan mai tabarau ta ce mata takardunta sun fi na kowa, amma akwai tambaya ɗaya kafin komai: tsohuwar da ta zo jiya da kaya, da saninta ta zo? Munira ta ce Baristan har ya sake maimaita mata tambayar a hankali da Hausa, yana kallonta, kamar mai miƙa wa wanda ya faɗa rijiya igiya. Da ta ce ba ta sani ba, da sun ce rigimar tsufa ce, a yi dariya a ci gaba. Musaddiq, yarinyar nan ta sunkuyar da kai ta ce da saninta, ita ce ma ta aike ni. Ta gaya wa Munira daga baya wai ba za ta iya zama a gaban baƙi ta ce kakarta ta yi abin kunya ita kaɗai ba. Mai tabarau ta rufe fayil ta ce sun gode. Mashkura ta ɗauki kwalin ta sauko da shi ta gaban sauran masu neman aikin.

Ban san yadda na dawo gida ba. Na tarar da ita tana yanka kuɓewa. Na zauna kusa da ita, na rasa ta inda zan fara, sai halin ya motsa, na ce na ga wasu zabbi a gidan su Munira sun yi ƙiba. Wuƙar ta tsaya a hannunta kaɗan, sannan ta ce ai suna da ci, ta tambaye ni ko na sha maganin rana. Na ce gobe zan koma wurin Maharazu in rantse masa da Alƙur'ani ba ta san komai ba. A nan ne ta ɗago ta dube ni. Ta ce Inna don girman Allah kada in je. Yanzu sunanta wadda ta aika da zabbi. In na je, sunanta zai koma wadda ta yi wa lauyoyi uku ƙarya a ranar da suka fara ganinta, kuma wannan ya fi wancan muni a aikinsu. Ta ce lauyoyin garin nan duk a kotu ɗaya suke haɗuwa, a inuwa ɗaya suke shan shayi, labarin ya riga ya gama zagaya su. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga min murya ba. Da ma ta zage ni, da na samu abin riƙewa.

Shekaranjiya muka ji an ɗauki wani yaro ɗan Birnin Kudu. Bilki ta shigo tana cewa zalunci ne, kawunku ya bugo yana cewa ai ya faɗa. Na bar su kowa da tafsirinsa. Ni ce na rene ku tun rasuwar mahaifinku, ni na koya mata cewa ba a kunyata babba a gaban mutane ko da shi ne da laifi. Ta riƙe karatun da kyau, ta fi ni riƙe shi. Na yi ta juya abin ina neman inda zan gyara, ban samu ba. Jiya ta fara zancen wai za ta nemi koyarwa a wata makarantar firamare ta kuɗi a bayan unguwa, tana faɗa tana dariya, wai ai kusa da gida ne.

Ga abin da nake so da kai. Ka kira ta cikin satin nan, kada ka nuna ka san komai. Ka ce Afra'u na buƙatar mai taya ta da jariri, ko ka ce ka ji ana neman lauya a can, duk ƙaryar da ta zo bakinka, ai jinina ne kai, ba za ka rasa ba. Can babu wanda ya san ni. In ta ce ba za ta bar ni ba, kuma za ta ce, ka gaya mata kawunku ya daɗe yana roƙon in koma Jahun wurinsa. Wannan kam gaskiya ce. Na sha rantsuwa ba zan bar ɗakin da kakanku ya bar ni a ciki ba sai an fitar da ni a makara, amma na riga na aika masa ya sa a share min ɗakin da ke kusa da rumbu. Zan yi kaffarar rantsuwar. Kada ka ja lokaci, don in ta karɓi aikin firamaren nan ba za ta ƙara tashi ba, ni kuma ban san ko ƙarfin halina zai kai wata ɗaya ba.

Ka gaishe min da Afra'u da kyau, ka ce mata na ba ta aron ka har yanzu. Ka shafa min kan jaririn. Ka gaida Fahad abokinka da Malam mai gidan da kuke haya. Mahaifiyarku da kawunku da Bilki duk suna gaisuwa. Mashkura ba ta aiko da gaisuwa ba, tunda ba ta san na rubuta ba. In ka gama karantawa ka ƙona takardar.

Allah Ya yi muku albarka, Ya tsare ku a inda kuke. Wassalam.

Ni ce kakarka,
Inna Fatsuma.