Mai Gadin Jinjimin Tamri

Tamri, 3 ga Afrilu

Ɗan'uwana Idir,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyalin ɗanka.

Jinjimanmu masu sanƙo sun ƙyanƙyashe. Sheƙa tara ce bana a jikin dutsen da muka yi shekara ashirin muna gadi tare. Ina zuba musu ruwa kullum. Tun da ka koma Agadir, hukumar gandun daji ba ta turo kowa ba. Kofi biyu nake wankewa har yanzu, sai in tuna ni kaɗai ne, ga teku kuma ba ta iya hira ba. Na yi kewarka, mai surutun tsiya.

Naka,
Lahsen

Agadir, 12 ga Afrilu

Tsohon banza,

Lafiya lau muke, sai dai gidan bene ya ishe ni.

Kai Lahsen, ni za ka yi wa wayo? Rubutunka ya bar layi, baƙaƙen sun yi girman ƙadangare. Kai da ba ka rufe wasiƙa sai ka lissafa 'ya'yan kowace sheƙa, bana ko ɗaya ba ka ambata ba. Idon ne, ko? Ka faɗa wa hukuma, su haɗa ka da wani.

Allah ya ƙara lafiya.
Idir

Tamri, 20 ga Afrilu

Idir,

Sallama. Haɗa ni za su yi? Sallamata za su yi. In na bar dutsen nan ina zan zauna, gidan da ba kowa? Idona ƙalau. Ka ji da benenka.

Lahsen

Tamri, 2 ga Mayu

Ɗan'uwana,

Ka gafarce ni, ƙarya na yi maka.

Ranar Talata da hantsi wani baƙo ya sauko da igiya zai yi kamun kifi, daidai kan sheƙunan. Iyayen suka watse, hankaki suka kwashe 'ya'ya biyar. Ina zaune ina fuskantar wurin, madubin hangen nesa a idona. Kuka kawai na ji, na ɗauka murnar abinci suke yi. Wani makiyayi ne ya faɗa mini.

Na mayar wa hukuma madubinsu da hannuna, na ajiye aikin.

Ka sa ni a addu'a.
Lahsen

Tamri, 19 ga Mayu

Idir,

Na samu saƙonka, jikar maƙwabci ta karanta mini. Na gode da tayin ɗaki, amma ba zan zo ba.

Jiya na ɗauki jarkar ruwa na tafi dutsen. Sabon mai gadin mutumin kirki ne, daga Tiznit. Ya karɓi jarkar, ya ce, "Baba, ja baya kaɗan, kada ka firgita su. Ba su saba da mutane ba."

Na ja baya.

Ka huta lafiya.
Lahsen