Littattafan Matan Soron Ɗinki

Soron Ɗinki, Kano
14 ga Yuni, 1999

Zuwa ga 'yata Mabruka,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya karatu, ya ruwan Zariya? Mu lafiya lau, sai ƙafar nan tawa da ba ta son damina.

Na karanta takardarki da kaina, har sau uku. Kin ce malaminki ya ƙi batun da kika zaɓa na binciken shekarar ƙarshe, wato ajinmu na yaƙi da jahilci. Wai sai an fara da bitar abin da aka rubuta, mu kuwa babu rubutu a kanmu. Kin ce gara ki koma kan jarrabawar 'yan sakandare da ki maimaita shekara.

Wa ya ce babu rubutu? Na bi gida-gida. Kawunki Isyaku zai kawo miki littattafan aikinmu guda talatin da ɗaya, har da na 'Yardada mai ƙosai, duk da mai ya taɓa shi. Ki kai wa malamin ya sha bita. Soja ma sun koma bariki, kowa ya samu bakin magana.

Allah ya yi miki albarka.
Mahaifiyarki

2 ga Yuli

Mabruka,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Ashe dariya na ba ki. Kin ce rubutun masana ake nufi, wanda aka buga aka ajiye a laburare. Ba zan ɓoye miki ba, na ji kunya, kwana biyu ban je aji ba. Sai na tuna kunyar nan ce ta hana ni riƙe fensir sai da na shekara arba'in da biyu.

Kada ki dawo da littattafan. Kin ce masanan sun yi rubutu kan matan Indiya da na Kudu. To ki karance su tas, ki nuna wa malamin inda suka tsaya ba su shigo ganuwar Kano ba. Kuma ki tambaye shi da ladabi: wanda ya fara rubutu kan jarrabawar, na wa ya yi bita? In shekarar ce, a maimaita. Ni sau biyu na maimaita aji ɗaya, ban mutu ba.

Ina miki addu'a.
Mahaifiyarki

29 ga Yuli

'Yata,

Gaisuwa mai yawa, ya karatun naki? Alhamdu lillahi da malaminki ya amince! Na karanta wa matan ajinmu takardarki, 'Yardada har da guɗa.

Abu ɗaya ne ban yarda da shi ba. Kin ce a ƙa'idar bincike ana ɓoye sunayen mutane, za ki kira ni "Malama A". Duk mai so a ɓoye nata, a ɓoye. Ni dai a'a. Shekara ashirin ina dangwala yatsa a inda sunana ya kamata ya zauna, kuma wata uku na yi ina koyon rubuta shi. Ki sa shi cikakke, kamar yadda yake a ƙasan nan.

Ki gai da malamin naki.
Mahaifiyarki,
Hafsa Yahya Soron Ɗinki