Farashin Kuɗin Matan Ajinmu

Argungu, 6 ga Yuli

Zuwa ga ɗiyata Ɗayyaba,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da 'yar jikata Hanifa. Yaya koyarwa a Birnin Kebbi? Mu nan sai godiya.

Na rubuto da hannuna ne domin maganar nan ba ta waya ba ce, gidan nan ba a rasa mai saurare. Kin san yayanki na son kafa injin casar shinkafa a hanyar Augie. Ya ƙi zuwa banki saboda kuɗin ruwa, na kuwa ji daɗi. Amma matan ajinmu na yaƙi da jahilci ya bi, su tara, masu turara shinkafa. Kowace ta zuba dubu ɗari biyu. Ɗaya daga cikinsu, Goggo Hodi, tumakinta ta sayar. Ya faɗa musu idan an ci riba, kowace naira ɗari za ta haifi goma a shekara, idan an faɗi kuma an faɗi tare. Ni na rubuta sunayensu, suka dangwala, don ni na fi su rubutu. Ba shi suka duba ba, ni suka duba.

Jiya na ji abin da ya tayar mini da hankali. Ashe ya fara zuwa wurin Alhaji Tamba dillalin shinkafa, Alhaji ya ce ba zai sa ko kwabo ba sai ya hango ɗarinsa za ta haifi arba'in. Yayanki ya ce tsada ta yi yawa, kuɗin mata sun fi araha.

Ɗayyaba, ke kika karanta lissafin kasuwanci. Me Alhaji ya gani da ya sa ya nemi arba'in? Mutumin da ya yi shekara talatin cikin shinkafa ba ya faɗin lamba don wasa. Ba zan iya tambayar yayanki ba. Ɗan fari ne, ko sunansa ban taɓa kira ba, balle in tsare shi da tambaya.

Ki amsa mini da wuri, ki rubuta da manyan baƙaƙe.

Mahaifiyarki,
Kulsumi


Argungu, 19 ga Yuli

Ɗiyata,

Ina gaishe ki, ina tambayar jikin Hanifa da kika ce tana mura. Allah ya ba ta lafiya.

Takardarki ta iso, na karanta sau huɗu. Ga abin da na gane, ki gyara mini. Kin ce kuɗin mai hannun jari sun fi na banki tsada, domin idan abu ya lalace, mai man inji da ma'aikata da mai fili duk za su karɓi nasu, sai abin da ya rage ya zama nasa. Kin ce a fara auna abin da kuɗin za su kawo inda suke zaune lafiya, sannan a ƙara ladan kowane haɗari.

Na zauna na yi. Tumakin Goggo Hodi kan ba ta kusan ashirin cikin ɗari, suna ɗaure a gabanta. Na ƙara ambaliya, kin dai tuna shekarar da gulbin Rima ya cinye fadama har muka ci gero zalla. Na ƙara tsadar man inji. Na ƙara shinkafar waje, wadda in ta shigo tamu ke faɗuwa. Na ƙara cewa yayanki bai taɓa riƙe inji ba. Da na haɗa, kusa da lambar Alhaji na tsaya.

Ke nan tsohuwar nan ta bar ashirin mai tabbas ta kama goma mai haɗari, kuma ni na riƙe mata yatsa ta dangwala.

Ranar Alhamis zai kai kuɗin wurin mai sayar da inji. Idan na faɗa wa mata, za su iya janyewa, aikinsa ya rushe, garin nan ya ce uwarsa ta kayar da shi. Idan na yi shiru, ban san da wane ido zan kalli Goggo Hodi ba ranar da ruwa ya zo. Kullum ina aika a duba mini bakin gulbi.

Ki yi mini addu'a.

Mahaifiyarki,
Kulsumi


Argungu, 27 ga Yuli

Ɗayyaba,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku duka.

Na faɗa musu. Ranar Talata bayan darasi na miƙe na karanta takardarki a gaban aji. Huɗu suka nemi kuɗinsu nan take. Goggo Hodi ta ce ita za ta zauna, amma tsoro ma kaya ne, ba ta ɗaukarsa kyauta. Ta ce a ƙara rabon mata har ɗarinta ta hango talatin da biyar. Sauran huɗun suka bi ta.

Yayanki ya yi kwana uku bai shigo gida ba. Tuwonsa na rufe, yana hucewa, ana kwashewa. Na ɗauka na rasa shi ke nan.

Yau da hantsi ya zo, ya tsaya a bakin ƙofa bai dube ni ba. Ta bakin matarsa Salwa ya yi magana, ina jin kowace kalma. Zai sayi ƙaramin inji, ya yarda da rabon Goggo, nasa zai ragu ƙwarai. Amma mata sun ce ba za su dangwala ba sai an rubuta sunan wanda ya karɓi amanar, kuma da hannuna.

Na ɗauki biro. Shekara talatin da huɗu ban furta shi ba. Na rubuta Junaidu, harafi bayan harafi, yana tsaye yana kallo. Ya karɓi takardar da hannu biyu.

Gulbi ya ƙaru da taku biyu tun shekaranjiya. Amma yanzu kowa ya san abin da ya saya.

Ki shafa mini kan Hanifa.

Mahaifiyarki,
Kulsumi