Turmin Inna da Tsayuwar Wata

Dakoro, 2 ga Sha'aban

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da Inna, da fatan kuna lafiya, ku da bisashe. Ina gaida Malam Zakariya liman da dukan mutanen zango.

Jiya da magariba na tsaya bayan makarantar lakwal ɗinmu na ga jinjirin wata, siriri, bai jira isha ba ya faɗi. Sai na tuna yadda kake hawa tudu kowane ƙarshen wata, zango duka a tsaye a bayanka, ba mai cewa uffan sai ka ce "Ya tsaya!" Ko rediyo ta faɗa, mutanenmu sai sun ji daga bakinka. Ni nan waya ce ke gaya mini ƙarfe nawa zai fito, ƙarfe nawa zai faɗi, kuma ko kusa ba ta da daɗin muryarka.

Baba, akwai abin da ya tsaya mini a rai. Takardunka uku na baya ba rubutunka ba ne. Kai da ko liman ba ka yarda ya riƙe maka alƙalami? Lokotorin ido za su zo Dakoro ran sha tara ga wannan wata, suna cire yana. Na ba da sunanka. In ka yi fushi, ka yi, amma ka zo. Hamani direban motar kasuwa zai kawo mini amsarka, tunda har yau ba rezon waya a wajenku.

Ɗiyarka mai kewarka,
Fadimata

*

Azagor, 8 ga Sha'aban

Fadimata ɗiyata,

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa mai yawa da sa albarka, muna lafiya, sai godiyar Allah.

Maganar rubutu, igiyar guga ce ta murɗe mini yatsa, shi ya sa Malam Zakariya ke taimakona. Idona lafiyarsa ƙalau. Jiya wata ya kwana bakwai, rabi cif, yana bisa kai da faɗuwar rana, zai kuma faɗi da tsakar dare. In ya yi sha huɗu zai fito daidai lokacin da rana ke faɗuwa, ya kwana yana tafiya, ya faɗi da asuba. Ki tambayi wayar taki ko na yi kuskure.

Ba zan zo ba. Azumi na bisa hanya. Shekara talatin da ɗaya ban bar tudun nan ran ashirin da tara ba, ba kuma zan je wani yaron lokotoro ya sa mini wuƙa a ido, in dawo ana jana da sanda, mutane su rasa mai duba musu wata. Ki goge sunana, ki ba mai bukata.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki,
Intalla

*

Azagor, 9 ga Sha'aban

Fadimata,

Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki. Rukayya matar liman ke rubuta min wagga takarda, kuma ubanki bai sani ba. Kada ki bari shi ji.

Yatsa nai lahiya lau. Jiya ma shi ya ɗaure akuya da hannun. Abin da ya hwaɗa miki na wata duk gaskiya ne, amma da kai ya lissaho shi, ba da ido ba.

Wata bakwai ke nan bai ganin tsayuwar wata. Ranar da abin ya hwara, na makara da daka, ni da ban taɓa barin daka ta kai ni magariba ba. Ina ɗaga kai sai ga wata tsaye sarai, ko yaro ya gan shi. Ubanki na bisa tudu, yana kallon wani waje daban. Kowa na jira nai. Wallahi Fadimata, sai na ji kamar ni aka tuɓe wa zane cikin kasuwa. Ban san sa'adda na ɗaga taɓarya na buga turmi sau uku da ƙarhi ba. Sannan ubanki ya ce "Ya tsaya!" Munka yi addu'a.

Tun daga nan, kowane ƙarshen wata sai in aje hatsi kaɗan in kai turmi gindin tudu. In na gani, in buga uku. Bai taɓa ce min komi ba, ni ma ban taɓa ce mai ba. Zango duka sun sani, har liman, ba wanda ya buɗe baki. Mata dai na yi min ba'a wai na zama mai dakan aljannu.

To amma tsoro nike ji. Nawa idon ma ba na da ba ne. Wanga watan da ƙyar na tsinkayo shi. In na kuskure na azumi fa? Azumin mutane duka bisa taɓaryata? Ba ni iya barci don tunani. Ki san dabarar da za ki yi, ke ɗai yake jin kunyar ƙi wa magana.

Innarki,
Azara

*

Dakoro, 14 ga Sha'aban

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa. Allah ya ƙara sauƙin yatsa.

Yau na fita da faɗuwar rana don in kama ka da kuskure. Ban samu ba. Rana na nutsewa yamma, shi yana tasowa gabas, ja, cikakke, kamar faifai. Wayata ta ce ƙarfe shida da rabi da 'yan mintoci, kai kuma ka faɗa tun kwana shida da suka wuce ba tare da agogo ba. Lissafinka ba wanda zai ja da shi.

Amma ba lissafi ka koya mini ba. Ina shekara biyar ka ɗora ni a wuyanka a kan tudu, ka riƙe haɓata ka juya fuskata, ka ce kada in taɓa cewa na gani sai na gani. Har yau ina jin yatsunka a haɓata.

Ban goge sunanka ba. Ga lissafi irin naka: ka shiga motar Hamani ran sha takwas. A yi aiki ran sha tara, a buɗe ido washegari. Ka huta a ɗakina har wata ya koma fitowa gab da asuba, ya rame. Kafin ya ɓuya kana gida. Ran ashirin da tara kana kan tudunka, na yi maka alkawari.

Kuma Baba, Inna ta tsufa da dakan magariba.

Ka yafe mini in na yi rashin kunya.

Fadimata

*

Dakoro, 22 ga Sha'aban

Inna,

Ina gaishe ki, ina gaida Rukayya da godiya.

Ya zo. Ya sauko daga mota fuska a ɗaure, bai amsa gaisuwata ba sai da ya sha shayi kofi biyu. Ranar aiki ya riƙe hannuna gam har bakin ƙofa, yana ce mini wai ni ce matsoraciya.

Idon dama suka yi, na hagu sai bayan salla. Da aka cire bandeji ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ke kuma yaushe kika yi furfura?" Na yi dariya har na yi kuka a gaban mutane.

Da hantsi muka fito, wata na nan yamma bai faɗi ba, fari fat, ya fara cinyewa. Na ce, "Baba, ka gan shi?" Ya ce, "Ga shi can," ya nuna daidai. Amma Inna, kin san shi. Ya san inda wata yake ko da ido rufe, don haka ban sani ba ko gani ya yi ko lissafi. Lokotoro ya ce ganin zai riƙa ƙaruwa, amma bai yi mini alkawarin jinjirin wata ba.

Zai taso ran ashirin da shida da tabarau da maganin ɗigawa. Kada ki bari ya je rijiya. Turminki kuma ki kai shi inda kika saba. Bai ambaci maganar ba ko sau ɗaya, sai dai jiya ya sa na sayo miki man shafawa na ciwon kafaɗa.

Ɗiyarki,
Fadimata

*

Azagor, 1 ga Ramadan

Fadimata ɗiyata,

Barka da shan ruwa. Ki yi haƙuri da rubutun, ya karkace, hannu ya manta alƙalami.

Jiya na hau tudu. Na gan shi. Siriri, bisa karyayyen gawon nan na yamma da rijiya, da idona na gan shi.

Ban yi magana ba. Na juya kaɗan, na hangi uwarki gindin tudu, taɓarya a hannu, tana ta laluben sama. Na jira ta har ta same shi. Ta buga uku, sannan na ce ya tsaya.

Kada ki gaya mata. In lokotorin nan sun komo bayan salla, ki rubuta suna biyu.

Mahaifinki,
Intalla