Injin Feshi a Hancin Jirgi

Ruwan Bago

Zuwa ga Lukumanu, a Karaye.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya kai da iyalinka. Mu ma nan lafiya, ban da abin da ka jawo mini.

Yayarka Saude ce ke rubutawa, ni nake faɗa, na kuma ce kada ta rage kalma ko ta ƙara mini taushin da ban yi ba. Kada ka ce me ya hana a kira ka a waya. Kunnena ba ya ɗaukar waya, kuma ranar da na daure na yi magana da kai, ashe buɗe muryata ka yi abokanka suna ji.

Jiya na shiga ɗakin ajiya in ɗauko injin feshina na goyo, domin waken gonar gabas ya fara ɗaurin fure. Na tarar da tanki da bututu da igiyoyin goyo an jingine su da kyau, har an lulluɓe da buhu. Na ɗaga na ji ba nauyi. Na juya bayansa, sai rami. Na fita ƙofar gida ina zagin ɓarayin garin nan har da kakanninsu, sannan Saude ta ja ni gefe ta ce ai kai ka kwance injin da Babbar Sallah ka ɗaura a bayan babur. Wai za ka sa wa jirgin sama.

Na ce yaushe aka buɗe filin jirgi a Karaye ban ji ba. Ta ce na wasa ne, da rimot ake tuƙa shi daga ƙasa. Lukumanu, kana da mata, kana da 'ya'ya, kana da shagon walda da mutane ke jiran ƙofofinsu. Wasan bai ishe ka ba sai ka haɗa da abincin gidan ubanka?

Ka ba direban da ya kawo takardar nan injina. Tsutsa ba ta jiran kowa, da fure ya buɗe za ta shiga. Ka gaida Rumasa'u da yaran.

Ni ne mahaifinka,
Malam Sabi'u

*

Karaye

Zuwa ga Baba, Allah ya ƙara girma da lafiya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi, takarda ta iso, mun ji daɗin jin kuna lafiya. Rumasa'u tana gaisuwa, yara suna tambayar kakansu.

Baba, ka yi haƙuri, ni ban ɗauki injin nan a ɓoye ba. Washegarin Sallah ka ja igiyarsa har gumi ya jiƙa maka riga bai tashi ba. Ka ture shi da ƙafa ka ce, "Ɗauke mini wannan mushen, na ba ka, kada in sake ganinsa." Kawu Muhammad yana wurin, limamin unguwa ma yana zaune a tabarma. Na ce na gode, ka ce in je in yi ta godiyata a can.

Da na zo na kwance shi, datti ne kawai ya toshe kafireto, fulogi kuma ya ci wuta. Yanzu ja ɗaya yake tashi.

Jirgin kuwa ba irin na yara ba ne. Kwaikwayon jirgin yaƙi ne na zamanin yaƙin duniya, mai farfela ɗaya a hanci. Fikafikansa sun fi tsawon gadonka. Da katako marar nauyi na yi ƙasusuwansa, na rufe da yadi na shafe da fenti. Tun bara nake kansa, inji kaɗai ya rage, kuma na sayarwa ya fi ƙarfina. Naka ya yi daidai da shi kamar an auna.

Maganar wake, zan aiko da famfon feshi na hannu sabo. In kuma ya yi maka wuya, Malam Bahauddeen maƙwabcin gonarka yana da irin naka sak, ba zai hana ka ba.

Ɗanka mai biyayya,
Lukumanu

*

Ruwan Bago

Lukumanu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Na ji takardarka, na sa Saude ta karanta sau biyu don in tabbata ɗana ne ya rubuta.

Mataccen inji na ba ka. Wanda yake tashi ja ɗaya ban ba kowa ba. Da ka ga ya tashi, ɗan kirki sai ya ɗauko ya dawo da shi ya ce Baba ga abinka ya warke. Kuma tun yaushe maganar mutum a cikin fushi ta zama kyauta? Sau nawa na ce wa akuyar gidan nan ta tafi kada in sake ganinta, wa ya zo ya ja ta?

Famfon hannu ka riƙe abinka. Kafaɗata ta dama tun faɗuwar da na yi daga kan rumbu ba ta ɗaguwa, ka sani, ko da yake lokacin sai da na warke ka zo dubiya. Bahauddeen kuwa kada ka ƙara rubuta mini sunansa. Mutumin da shanunsa suka kwana a dawata, da na yi magana ya ce in kawo shaida, tun ranar ban ƙara yi masa sallama ba, shi ne zan je in tsuguna a zaurensa?

Tunda ka kawo shaidu, na je wurin shaidar taka. Liman ya ce kyauta ta tabbata, amma uba yana da ikon karɓe abin da ya ba ɗansa, matuƙar abin bai canja daga yadda yake ba. To na karɓe. Kada ka taɓa shi, kada ka kwance ko ƙusa ɗaya. Ka sa shi a buhu ka aiko. Fure ya fara buɗewa ta gefen rafi.

Kuma ka gaya mini, don ni ban yi boko ba, yaya abin da ni nake goyawa a baya zai goyi jirgi? Tambaya ce kawai, ba sha'awa ba.

Mahaifinka,
Malam Sabi'u

*

Karaye

Zuwa ga Baba, Allah ya ja kwana.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwa tun kafin Saude ta kai ƙarshen takardar nan.

Baba, aikin ya riga ya wuce inda kake zato. Tun kafin takardarka ta farko na sa zarto na yanke gidan fankar da ke hura magani, domin nauyinsa ya yi wa jirgi yawa. Na kai ƙarfen juyi wurin masu sassaƙa ƙarfe sun rage masa kauri, sun yi masa mazaunin farfela. Salansa, wato bututun hayaƙi, na yanke na sake haɗawa da walda don ta kwanta a cikin murfin hanci. Ban faɗa ba a waccan takardar saboda ina tsoro.

Yanzu yana ɗaure a allon gaban jirgin, kansa a ƙasa, don kada fulogi ya leƙo ta sama ya ɓata kamannin. Na sa roba a bayan ƙusoshin saboda girgiza, don a gwajin farko sai da allon ya tsage na sake wani mai kauri. Na haɗa totur da waya zuwa ɗan abin da rimot ke motsawa. Da na ɗaga jirgin a kan yatsu ta ƙarƙashin fikafikai sai hanci ya rinjaya, na mayar da batir can kusa da wutsiya, yanzu ya tsaya daidai.

Amsar tambayarka, ba ɗaukar jirgin yake ba. Farfela ce ke jan shi gaba da gudu, iska kuma ta shiga ƙarƙashin fikafikai ta ɗaga shi.

Na tambayi malami a nan, ya faɗi abin da liman ya faɗa, ya ce tunda an yanka an sassaƙe, ya canja. Ba don in yi jayayya da kai na tambaya ba. Ka bari in zo ranar Juma'a in yi feshin da hannuna.

Ɗanka,
Lukumanu

*

Ruwan Bago

Lukumanu,

Sallama. Na iso gida lafiya, ko da yake ba ka aiko ka tambaya ba.

Abin da ban faɗa a gidanka ba saboda idon matarka, yanzu zan faɗa. Na zo tun daga Ruwan Bago a bayan a-kori-kura, na shiga ɗakin da ka ce na baƙi ne, sai na tarar da wannan abu ya cinye ɗakin, fiffike ɗaya har bakin taga. Ni aka shimfiɗa wa tabarma a tsakar gida. Ka yi masa fentin toka, ka zana masa haƙora a hanci, har ka sassaƙa ɗan mutum da tabarau ka zaunar a ciki. Ƙyauren ɗakina wata nawa ina cewa ka zo ka gyara?

Sannan ka fito da shi ka ce, "Baba riƙe mini wutsiya." Ni kuma da wauta na riƙe. Ka murza farfela, abin ya yi kuka, hulata ta tashi ta faɗa a kwatami, kaji suka haura katanga, Rumasa'u ta shige ɗaki tana toshe baki. Ina jin dariyarta. Ban saki ba dai, ka shaida. Ja yake kamar ɗan maraƙi. Shekarun da ya yi a bayana bai taɓa yin irin wannan ƙarfin ba, munafuki.

Na ce ka kwance, ka ce malamai sun ce ya canja. Na ce malamai sun faɗi nasu, ni na haife ka. Ka yi shiru ka ɗauko sifana ka kwance ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, ka goge shi da tsumma, ka sa a buhu, har ka ɗaura mini a mota. Da ka yi gardama da ya fi mini sauƙi. Wannan shirun naka na uwarka ne, Allah ya jiƙanta, haka take yi mini.

Na tsaya a Rogo wurin makanike. Ya zazzage buhun ya dube shi, ya dube ni, ya kira na kusa da shi su zo su gani. Ya ce, "Baba, wannan ai an yi masa aski har da kunne. Ina fankar za ta zauna?" Na ce ya haɗa da walda. Ya ce ƙarfen da aka sassaƙe ba ya tsirowa. Na ce shi ma bai san aikinsa ba, na kwashi abina.

Yanzu yana ƙarƙashin gadona yana warin fetur. Da safen nan na zaga gona, na ɓare fure na ga tsutsa a ciki, wasu furannin sun fara zuba. Kada ka zo ranar Juma'a. Gonar gabas ba ta famfon hannu ba ce, kafin ka kai tsakiya tsutsa ta cinye ƙarshe. Kuma ba na son mutanen gari su ga ɗana yana yi mini aikin tausayi.

Mahaifinka,
Malam Sabi'u

Ƙanina, ni ce Saude, wannan nawa ne bai sani ba. Ba ya cin abinci sosai. Jiya na same shi ya jawo buhun yana murza injin da hannu. Waken nan shi ne cefanen gidan har baɗi, ka san halin da ake ciki.

*

Karaye

Zuwa ga Baba.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan an tashi lafiya.

Laifina ne, da na tambaya kafin in sa zarto. Na zaga Karaye neman injin goyo na haya, duk suna gonaki, kowa wakensa na fure. Wanda ya rage kusa da kai shi ne wanda ka hana ni ambata. In ka yarda ni zan je in roƙe shi, ba sai ka taka ba.

Jirgi na rufe shi da zane na tura ƙarshen ɗaki. Ba zan ƙara maganarsa ba.

Ɗanka,
Lukumanu

*

Ruwan Bago

Lukumanu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya.

Ba a aika mini ɗa roƙo ina da rai. Na je da ƙafata. Na yi sallama a zauren Bahauddeen, ya bar ni a tsaye sai da na maimaita, ga mutane cike. An yi feshi jiya. Gefen rafi ya tafi, sauran in Allah ya so za a samu.

Da yake miƙo mini injin sai ya ce, "Malam Sabi'u, an ce naka ya tafi aikin soja?" Aka yi dariya. Ya ce shi dai bai taɓa jin katako da injin feshi sun tashi sama ba, faɗuwa zai yi kamar buhun gero. Na ce masa zai tashi. Na ce ni na riƙe wutsiyarsa na san abin da na ji. Na ce da an cire wake za a kawo shi gonar gabas, ya fito ya tsaya a kan iyaka ya kalla da idonsa.

Ga injina nan a buhunsa a hannun direba. Aro ne, ba kyauta ba, kada ka je ka tambayi wani malami. Ka mayar da shi hancin jirgin yadda yake, ka ƙara ɗaure ƙusoshin, na ga ɗaya tana rawa ranar.

Na riga na faɗa a gaban mutane, Lukumanu. Ka tabbata ya tashi.

Mahaifinka,
Malam Sabi'u